Mun bar mutum a baya tsakanin Rano da Rurum, yaya ake tafiyar ayari a babur?

Ɗan Ɗorayi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma bari in fara ba ku labari.

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce mu biyar muka fita zuwa dam ɗin Tiga, kowa a kan babur ɗinsa, tunda goyo a cikin birni an hana shi tun 2013. Uku Boxer, ɗaya Haojue, sai ƙanen matata da 'yar roba-robarsa. Ana idar da sallar asuba muka haɗu a Na'ibawa. Sanyi har cikin ƙashi, sai da na naɗa rawani kafin in ɗora hular kwano. Muka ƙetare gadar Tamburawa hazo bai ɗaga ba, a Karfi muka bar titin Zariya muka yi hagu zuwa Bunkure.

Wallahi daga nan ne tafiya ta fara daɗi. Alkama kore shar hagu da dama, ruwa yana gudu a kanal, rana tana fitowa ja kamar garwashi. Mun tsaya kallon wani dattijo da ya naɗe wando zuwa gwiwa yana ban-ruwa. Ya tsoma bututun roba a kanal, ya toshe bakin bututun da tafin hannu, ya fizga sau biyu, sai ga ruwa yana kwarara cikin kunya shi kaɗai. Ya jera wajen guda shida haka. Shekara nawa ina cin shinkafar Kura, ban taɓa ganin yadda ruwan yake shiga gona ba sai ranar. Muka sha shayi da burodi a Bunkure, muka miƙe. Duwatsun Rano suna fara bayyana muka ƙara wuta, kowa yana jin daɗin iska.

Nan ne kuskuren ya faru. Bayan mun fita daga Rano, mu huɗu muka yi ta gudu, babu wanda ya waiga. Sai da muka tsaya a bakin ruwa, na cire hula zan ce wa yaron "ka ga Tiga", na duba babu shi. Na kira wayarsa ba ta shiga. Gabana ya faɗi, don da zan fito yayarsa ta riƙe min hannu ta ce amana ce.

Na juya ni da mutum ɗaya. Mun yi tafiya mai nisa kafin mu hango shi a gindin wata tsamiya, tayar baya a kwance, ƙusa ta shige ta. Ya tura babur ɗin har ya gaji. Wani bawan Allah mai gona a wurin ya ba shi ruwa a buta, ya aika ɗansa a keke ya kira mai faci. Yaron bai ce min komai ba, ya dai kawar da kai, idonsa ya yi ja. Daga baya mun ci soyayyar karfasa a Tiga, an yi dariya, amma ni abin yana nan a raina.

Muna so mu sake fita wata mai zuwa. Waɗanda suka saba, yaya kuke jera kanku a hanya? Me ya kamata mu riƙe? Kuma dawowa ta titin Zariya ya fi, ko mu koma ta Rano?

Bakaniken Kofar Ruwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ƙanena. Laifin na jeri ne. Roba-roba ba za ta bi Boxer ba idan an sake mata hanya, ko wane ne a kanta. Mafi ƙaramin mashin shi ake sawa na biyu, a bayan jagora, sai kowa ya yi tafiya da gudunsa. Wanda ya fi iya gyara kuma ya fi haƙuri shi ne na ƙarshe, kayan aiki suna wurinsa, kuma ba ya wuce kowa ko da me. Kowane mutum aikinsa ɗaya: ya riƙa ganin na bayansa a madubi. Ka daina ganinsa, ka rage gudu. Na gabanka ma zai daina ganinka ya rage, har saƙon ya kai wa jagora ba tare da an buga waya ba. Na san yaranmu da yawa suna kwance madubi wai don ado. Wanda ba shi da madubi kada ya bi ku.

Kayan da za ku riƙe ba su da yawa: tif na gaba da na baya, famfon hannu, ƙarfen cire taya biyu, fulogi, sifana 10 da 12 da 14, filaya, da wayar kuloci. Daren tafiya a duba baƙin mai, a ɗaure cen a sa mata mai, a taɓa birki. Ku cika tanki a gidan mai tun daga Kano. Idan dole ta sa kun sayi na galan a ƙauye, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, don ƙurar hunturu ba ta barin komai.

'Yar Rano:

Sannunku da zuwa garinmu, ko da yake wucewa kuka yi kamar ana korarku. Malam, Rano fa tana cikin Hausa Bakwai, ba garin da za a ratsa a minti biyar ba ne. In kun dawo ku tsaya ku huta, ku tambayi hanyar Ruwan Kanya, nan kusa ne, kuma ruwan Tiga ne yake biyowa ta can kafin ya kai gonakin da kuka gani. Dam ɗin kansa aikin zamanin Gwamna Audu Bako ne, an gama shi a 1974. Kakana yana cewa kafin nan da rani ya yi sai maza su tafi cirani, yanzu kuwa wasu ne suke zuwa mana aikin tumatir.

Roƙona ɗaya. Don Allah idan kun shigo ƙauye ku rage gudu sosai. Yara suna wasa a bakin hanya, awaki suna tsallakawa, mata suna shanya a gefen kwalta. Kuma a halin da ake ciki, babura biyar da baƙin fuskoki, kowa ya rufe fuska da rawani, suna tayar wa mutane da hankali. Ku buɗe fuska, ku yi sallama, in za ku daɗe a wuri ku gaida mai unguwa ku faɗi abin da ya kawo ku.

Baba Mai Vespa:

Yaro, ka je ka ba ƙanen matarka haƙuri kai da kanka, ba a gaban abokai ba. Kuma tafiya ta gaba ka tabbata yana ciki, kada ya ɗauka nauyi ya zame muku.

Batun dawowa, ni na fi son hanyar Rano ko da ta fi cin lokaci. Titin Zariya da yamma na manyan motoci ne, ga lokacin tumatir ne, wajen Kwanar Gafan da Kadawa motocin kwanduna suna tsayawa suna tashi babu sigina. In kun zaɓi titin duk da haka, ku yi layi ɗaya, ku bar tazara. Ko ta ina za ku bi, ku yi la'asar a Tiga ku taso, magariba ta same ku a gida. Kada daɗin hanya ya ja ku kudu wajen dajin Falgore.

Ɗan Ɗorayi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je jiya bayan isha'i, mun zauna a soro mun yi magana, ya ce ya yafe. Shi zai bi bayan jagora, ni zan zama na ƙarshe da jakar kayan gyara. Yaya 'Yar Rano, in sha Allahu za mu tsaya. Ina kuma so in nemo mai gonar nan na gindin tsamiya, na sayi sukari da ganyen shayi na ajiye masa.