Tsofaffin adaka da batta don adon falo, ina ake samun na asali a Zariya?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ni dai Allah ya sa min son tsofaffin akwatuna ƙanana, irin battar tagulla da ƙaramar adaka ta katako da gwangwanayen biskit ɗin nan na da masu zanen fure, so nake in jera su a falo a maimakon tangaran ɗin da kowa ke jerawa. Yanzu haka akwai adakar kakarmu a wajena da wata batta da ta yi baƙi ƙirin har da kore-kore a gefen murfin. A Tudun Wada nake, na leƙa kasuwar Sabon Gari duk sababbin kaya ne na waje. To ina ake samun tsofaffin, kuma ya zan gane na asali, sannan ita battar nan da me zan goge ta? Na gode.

Ɗan Kwarbai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kike nema ba a rumfar kasuwa yake ba, yana ƙarƙashin gadon tsofaffi a cikin birni. Ki fara da danginki, gwaggo da inna da kishiyoyin kaka in suna raye, ki je ki gaishe su ki tambaya, da yawa ma kyauta za su ba ki don murna suke wani ya damu da kayan. Bayan su sai dillalai mata masu shiga gida-gida, ki kwatanta musu abin da kike so. Na uku kuma 'yan gwangwan, kuma nan ne abin yake min ciwo wallahi, tsohuwa za ta rasu a raba gado kowa idonsa na kan atamfa da sarƙa, adaka a jefa ta zaure, battar tagulla kuwa yaro ya kai wa mai kura a auna a kilo a narkar, aikin hannun da maƙeri ya yi kwanaki yana bugawa ya tafi kenan. In kin san mai sayen ƙarfe a unguwarku ki ce ya riƙa ware miki kafin ya loda, ki ɗan ɗora masa a kan kuɗin kilo.

Ki san kuma iri-iri ne. Masu tagulla da zanen da aka buga da guduma yawanci aikin Nufawa ne daga Bida, har gobe suna yi. Akwai battar fata ta Agadas, ita ɗanyar fata ake jiƙawa a lulluɓa a kan tubalin laka, in ta bushe a zana ado da kakin zuma a rina, inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa, daga baya a fasa lakar a zazzage, mata na zuba turare da kwalli da ɗan kunne a ciki. Sai na tsarabar alhazai, ƙananan akwatunan katako da aka manna musu farin ɓawon teku mai ƙyalli, aikin Masar ne da Sham.

Injiniya Samaru:
Baba ya gama magana a kan inda ake samu. Ni kan ganewa zan ƙara. Anti ki riƙa yawo da ɗan maganaɗisu a jaka, ko na tsohuwar sifika ma ya isa, tagulla ba ta kama shi, in kika ga ya manne to baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Ki juya ƙasan battar da cikin murfi, aikin hannu za ki ga sawun guduma kuma zanen ba ya zama daidai wa daida, na inji kuwa sumul yake ko'ina iri ɗaya. Tsufan gaske a inda hannu ke taɓawa yake nunawa, bakin murfi da gindi sun siɗe sun yi haske, lunguna sun yi duhu. Wanda aka turara da hayaƙi don ya yi kama da tsoho baƙinsa ko'ina ɗaya ne, kina murzawa da farin ƙyalle zai biyo. Na katako in kin ga filawud a ƙasa ko ƙusoshi sababbi masu sheƙi to ko dai sabo ne ko an yi masa gyara. Na alhazan kuma da yawa yanzu roba ake mannawa, ɓawon gaske sanyi gare shi a hannu kuma launinsa na sauyawa in kin karkata shi a haske.

In kin shiga Kano ki leƙa kasuwar Kurmi, akwai masu kayan gargajiya, sabo da tsoho duk a haɗe, kuma sabon ma ba laifi ba ne in an faɗa miki sabo ne kin biya kuɗin sabo. Abu ɗaya da mutane ba su sani ba, dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fita da shi waje sai da izini. Don haka in wani ya zo yana taya adakar kakarku da zummar kai wa Turai ki yi hattara. Batun gogewa ni ra'ayina kar ki goge, duhun nan shi ne shaidar shekarunta.

Hajiya Gyallesu:
A'a Injiniya, nan ban bi ka ba. Iyayenmu da toka da lemon tsami suke dirje tagullarsu duk sallah ta fito tana walƙiya, ba su taɓa ajiye ta da dauɗa ba, kuma ƙanwata falo za ta saka ba gidan tarihi ba. Koren nan dai dole ya fita don ci yake yi. Ki matsa lemon tsami da ɗan gishiri ki shafa da tsumma mai laushi, ki ɗauraye ki tsane ta sosai nan take, amma banda soson ƙarfe, shi ne ke cinye zanen. Abin da na fi ji miki shi ne katakon, hunturun Zariya kin san shi, adaka tsagewa take in tana kusa da taga ko inda rana ke bugawa, da damina kuma ga danshi ga gara. Ki ɗaga ta daga ƙasa ki ɗora a kan wani abu, ki jefa kafur a ciki. Battar fata ko ɗigon ruwa kar ya taɓa ta, laushi za ta yi ta lotse. Gwangwanin biskit busasshen ƙyalle kawai, kuma kar a zuba abin ci a ciki ko a bar yara suna sa wa a baki, tsohon fenti yakan zo da dalma.

Maman Ilham:
Kai Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Hajiya adakar akwai ƙananan huji a bayanta kuma ina ganin gari-gari a ƙasa in na matsar da ita, gara ce ko me?

Hajiya Gyallesu:
Ba gara ba ce, ita gara ƙasa take ginawa a jiki. Wannan ƙwaron katako ne kuma tunda gari na zuba yana ciki da ransa. Ki raba ta da sauran kayan katako yau ɗin nan, ki samu kafinta ya ɗura maganin ƙwari a hujin ɗaya bayan ɗaya da sirinji, a naɗe ta a leda a ajiye a inuwa kamar sati biyu. In kin buɗe ki shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinta ki ga ko garin zai sake zuba, in ya zuba a maimaita.