Rubab ɗina ya ƙi yin kauri, sai fure yake ta fitarwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna ƙasashen sanyi. Shawara nake nema a kan rubab, shukar nan mai jan kara da Turawan Ingila ke dafawa da sukari, mai tsami irin na yakuwa. A bayan gidana da ke birnin Leeds a Ingila na dasa saiwar irin Timperley Early cikin Nuwamba, na zuba ruɓaɓɓen taki, shekarar farko kuma ko kara ɗaya ban cire ba.

To bana ya tsiro, amma karan sirara ne, ba su kai kaurin yatsa ba. Sannan da wuri ya fitar da dogon tsiro mai farin fure, na yanke shi daga gindi, wani ya sake fitowa. Abin haushi, nan kusa a Wakefield gonakinsa ne birjik. Ƙasata yumɓu ce, ruwa na kwanciya idan an yi ruwan sama, kuma da na tona gefen saiwar sai na tarar wani ɓangare ya yi laushi ya yi baƙi-baƙi.

Ruɓewa ce ta kama ta? In tone ta yanzu in mayar kan kunya mai tudu, ko in jira hunturu ganyen ya bushe? Ganyen kuma, tunda guba ne ba a ci, zan iya zuba shi a ramin taki?