Wa ya taɓa kashe ƙyallin takobin fim na ƙarfe? A ba mu labari

Mai Tara Kaya: Salam 'yan uwa. Na samu kwafin wani takobi na fim, irin na ratayewa a bango, komai nasa ya yi min sai abu ɗaya, ƙyalli. Ruwan takobin sheƙi yake kamar madubi har fuskata nake gani, alhali a fim ɗin dusashe ne kamar wanda ya sha yaƙi, in na ɗauke shi hoto kuwa haske ne yake cinye zanen da ke jiki gaba ɗaya. Dan Allah duk wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mana yadda ta kaya, har da inda aka samu matsala.

Baban Yara: Malam kafin ka taɓa shi da komai ka fara sanin wane ƙarfe ne, nan ni na yi asara. Nawa kwalkwali ne, na ɗauka ƙarfe ne har ciki, na sa samfefa mai lamba 220 na hau gurza da ƙarfi, ban yi minti biyar ba sai ga wani ja-ja yana leƙowa a gefen goshin. Ashe tutiya ce aka zuba, aka bi ta da jan ƙarfe, sannan nikel, sannan kurom mai ba da ƙyallin a sama, kuma duk rufin nan bai kai kaurin takarda ba. Da ka huda shi shikenan babu komawa, dole na gurje duka na yi masa fenti. Har yau in na kalle shi raina yana sosuwa wallahi. Ka sa maganaɗisu, in bai kama ba toh ka bi a hankali, wataƙila alminiyam ne ko tutiya.

Ɗan Maƙera: Gaskiya ne Baba, sai dai in ƙara wani abu, maganaɗisu kaɗai ba ya raba gardama. Yawancin takubban ado da sitenles, wato ƙarfe mara tsatsa, mai lamba 420 ko 440 ake yinsu kuma shi ma maganaɗisu yana kama shi. Ni abin da nake yi, in ɗiga binega a wani lungu kusa da ƙota inda ido ba ya kaiwa in bar shi kamar minti goma, in wurin ya yi toka-toka toh ƙarfe ne mai tsatsa, in bai canza ba wataƙila sitenles ne, sai dai in ƙarfe ne da aka rufe da kurom, shi ma ba ya canzawa. Mai tsatsar shi ya fi daɗin aiki, na taɓa naɗe wani da tsumma jiƙe da binega, ya fito ruwan toka mara sheƙi kamar tsohon makami, na wanke da ruwan bekin soda don tsamin ya daina ci, na busar nan take na shafa mai. In ka yi jinkirin man ko na awa ɗaya ne za ka ga tsatsa ta fara fitowa.

Sitenles kuwa soson Scotch-Brite nake sa masa, mai launin ja da farko sannan mai ruwan toka. Sirrin kawai ka ja hannu ta fuska ɗaya, daga ƙota zuwa tsini, ka ɗaga ka dawo ka sake, kada ka yi zagaye. Ai ƙyallin ba komai ba ne illa santsi, da ka yi masa ƙananan zane sai hasken ya warwatse.

Hajiyar Ɗinki: Ni tsoron gurza nake don haka feshi na yi wa garkuwata, irin fentin nan mai kama da ruwa wanda ba ya sheƙi in ya bushe. Karon farko ya fito da ƙyalli na rasa dalili, ashe ban girgiza gwangwanin sosai ba, garin da ke kashe sheƙin yana kwanciya ne a ƙasa, sai ka girgiza minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Karo na biyu kuma na fesa bayan an ɗauke ruwan sama, iska duk laima, sai ya yi wani fari-fari kamar hazo ya kwanta a kai, na kusa kuka. A na uku aka dace, na goge da asiton, ruwan nan mai cire maiƙo, na sa safar hannu saboda shatin yatsa ɗaya in ya shiga ƙarƙashin fentin ya zauna kenan, na tsaya nesa kamar santimita 25 na yi shafi uku marasa kauri. Amma ka sani a kan ƙarfe mai santsi sosai fentin ba ya kamawa da kyau, nawa ya fara ɓarewa a inda nake riƙewa.

Ɗan Maƙera: Hajiya shi ya sa ko feshin za a yi gara a ɗan bi shi da soso tukuna, fentin ya samu abin riƙo.

Injiniya: Ni na kai nawa wurin masu feshin ƙananan ƙwayoyin gilas da iska mai ƙarfi, kuma a ganina babu abin da ya kai shi daidaito, ko'ina launi ɗaya babu layin hannu. Sai dai ban rufe ƙotar da salatif sosai ba, fatar da ke jiki ta ci wuya. In za ka yi da kanka kada ka yi da yashi, ƙurarsa tana lalata huhu, takunkumin tsumma ba ya tare ta. Sannan in alminiyam ne kada ka sa masa soson ƙarfe, ɓurɓushinsa yana maƙalewa a jiki daga baya ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a abin da ba ya tsatsa.

Mai Tara Kaya: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Maganaɗisu ya kama, binega kuma bai yi masa komai ba, da alama sitenles ne kenan. Na naɗe ƙotar, na kwantar da shi a kan katako na bi fuska ɗaya da jan soson, yanzu in na leƙa inuwa kawai nake gani, zanen kuma ya fito raɗau a hoto. Sai dai kusa da tsini hannuna ya ɗan karkace layukan suka gicciye. Malam Ɗan Maƙera, in koma kan wurin kaɗai ko in sake jan fuskar duka daga ƙota?