Wace kalmar Hausa za mu ba "suspense"?

Daren jiya ina duba gajeren labarin wata ƙanwata da take shirin aika wa gasar Hikayata ta BBC Hausa. A gefen shafi na uku na rubuta mata, "Nan babu suspense." Sai na tsaya. Labarin da Hausa yake, ita Bahaushiya, ni Bahaushe, amma kalmar da shawarata ta dogara a kanta ta Turanci ce. Na goge, na kawo maganar gaban 'yan'uwa marubuta, kuma tun safe amsoshi ke shigowa. Ga inda na tsaya, da dalilina.

Mu fara daidaita abin da muke nema wa suna, don na lura rabin saɓaninmu daga nan yake. A ce amarya na zaune a ɗaki, ta ɗauki kwanon fura ta sha, sai ta faɗi. Mai karatu bai san komai ba sai da ta faɗi. Wannan bazata ce, kuma kalmar ta wadatar. To yanzu a sake rubuta wurin. Mai karatu ya ga lokacin da aka kwance ƙullin leda aka zazzaga garin magani a cikin furar, aka motsa da ludayi, aka mayar da faifai aka rufe. Amarya ta shigo, ta buɗe faifan, ta ɗaga ludayi, sai aka yi sallama a ƙofa. Ta ajiye. Baƙuwar ta zauna, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ga kwanon nan a tsakaninsu. Sai amarya ta ce, "Bismilla Inna, ga fura." Wannan halin da mai karatu ya shiga, daga ɗaga ludayi zuwa "ga fura", da kuma dabarar da ta jefa shi ciki, su muke nema wa suna.

Wata Hajiya da ta daɗe tana rubutu ta ce fargaba. Hajiya, a labarin furar nan kin yi daidai, amma fargaba ta mugun abu ce kawai. Yarinyar da ke jiran ko wasiƙar saurayinta za ta iso kafin a ɗaura mata aure da wani fa? Mai karatu na fata, yana kuma tsoro. Fargaba ta ɗauki rabi ta bar rabi. Ɗoki kuma ya ɗauki ɗaya rabin, domin ba a ɗokin masifa. Zulumi da taraddadi sun yi nauyi, sun fi kama da mutumin da ya kwanta barci ya ƙi zuwa saboda bashi.

Jan hankali ya yi faɗi da yawa. Kyakkyawan bango ma yana jan hankali.

Wani Malam da ya karanta Larabci ya kawo shawarar da na daɗe ina juya ta. Ya ce Larabawa na cewa tashwiƙ, daga tushen da muka samo shauƙi, don haka mu ce kwaɗaitarwa. Allah ya saka da alheri Malam, domin kai ne ka fara karkato da mu daga abin da mai karatu ke ji zuwa abin da marubuci ke yi, kuma can ne ya kamata mu duba. Matsalata da kwaɗaitarwa ita ce ƙamshin wa'azi da talla da ke jikinta. Ana kwaɗaitar da mutum aljanna, ana kwaɗaitar da shi kaya a kasuwa. Ba na jin za a ce marubuci ya kwaɗaitar da mu ganin ko Inna za ta sha guba.

Akwai wanda ya bi asalin kalmar Turancin, wadda ta fito daga Latin da ma'anar ratayewa, ya ce mu ce rataya. Na fahimci hikimar, sai dai wannan hoton na Turawa ne. Idan na ce wa ƙanwata "labarinki ba shi da rataya", sai na yi mata bayani, kuma kalmar da sai an bi ta da bayani ba ta gama zama tamu ba.

Ni dai jan rai na zaɓa.

Dalili na farko, muna da ita tun tuni a baki. Yaro ya dawo da sakamakon jarrabawa ya ɓoye takardar a baya yana murmushi, uwarsa ta ce, "Kai dai ka faɗa mini, kada ka ja mini rai." Abin da yaron ke yi shi ne aikin marubuci: yana riƙe da abin da ake son sani, ya nuna yana da shi, ya ƙi saki sai lokacin da ya ga dama. Kuma jan rai bai damu da ko abin da ke tafe alheri ne ko sharri ba.

Na biyu, tana lanƙwasuwa. Babin nan ba shi da jan rai. Ta iya jan rai. Ya ja mana rai har shafi na ƙarshe. Jan ran ya yi yawa. Duk ba ka ji harshenka ya yi tuntuɓe ba.

Haka magabatanmu a fannin nazari suka yi. Jigo sunan itacen da ake jan ruwa da shi ne a lambu kafin ya zama abin da labari ya dogara a kansa. Zubi da tsari, salo, tauraro, duk daga maganar yau da kullum aka ɗauko su aka ba su sabon aiki. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya tattara irin wannan ƙoƙari, kuma kalmomin da suka zauna a bakin ɗalibai su ne waɗanda kunne ya riga ya saba da su.

Wani Yaya ya yi ƙorafi mai ƙarfi: jan rai na da ɓangaren yanga da wulaƙanci, kamar mai kuɗin da ke sa mabuƙaci ya yi ta zarya. Gaskiya ne Yaya, kuma ni wannan ya ƙara mini son kalmar, don tana ɗauke da gargaɗi. Duk wanda ya saba da littattafan kasuwar Kano ya san labarin da ya isa littafi ɗaya amma aka miƙe shi zuwa na uku, aka yi ta kewaye ba tare da wani abu ya ci gaba ba. Wannan jan rai ne marar kyau, kuma mai karatu na jin an raina shi. Mai kyau shi ne wanda kowane jinkiri ke ƙara wa abin nauyi, kamar gaisuwar Inna da kwano a gabanta.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, aku na tsare ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita, mu kuma muna sane da makircin waziri. A Dare Dubu da Ɗaya kuwa ana yanke labari ne da asuba a daidai inda sarki ba zai iya haƙura da sauran ba.

Wannan yankewar a kan gaɓa, wadda masu karanta littafi a rediyo ke yi mana idan lokacin shiri ya cika, ita ma tana buƙatar sunanta daban, don reshe ce ta jan rai. Wanda ya kawo rataya, wataƙila a nan kalmarka za ta zauna. Ina jiran ra'ayinku a kanta.

Ƙanwata kuwa na sake rubuta mata a gefen shafi na uku: "Kin yi saurin faɗa mana wanda ya aiko da wasiƙar. Ja mana rai zuwa shafi na biyar." Ba ta tambaye ni me nake nufi ba, ta dai turo gyaran kafin azahar.