Neman kalma: tsoratarwar da ba wuƙa, ba zagi

1/ 'Yan uwa masu nazarin harshe da lauyoyinmu, ina neman Hausar "intimidación ambiental". Kalmar Sifaniyanci ce mai nufin tsoratarwar da wuri da halin da ake ciki ke haifarwa, ta yi fice a shari'ar fyaɗen da aka yi a birnin Pamplona na ƙasar Sifaniya a watan Yulin 2016, lokacin bikin San Fermín. Maza biyar suka shigar da yarinya 'yar shekara 18 wani ɗan lungu a zauren wani gini, suka ɗauki bidiyo, suka tafi da wayarta.

2/ Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kokawa ba, idonta a rufe. Sai kotun Navarra a 2018 ta ce ba a ga duka ko barazana ba, saboda haka laifin bai kai fyaɗe ba, ta yanke musu shekara 9. Mata suka cika tituna. A Yunin 2019 Kotun Ƙoli ta ce ƙuncin wurin da yawan mazan su ne barazanar, ta mayar da hukuncin shekara 15.

3/ Wani ya ce "barazanar yanayi". Ban yarda ba, kunnen Bahaushe zai tafi ga ambaliya da fari. Malamai suna da "ikrahi", amma ya yi faɗi, har sakin dole ya ƙunsa. "Ƙawanya" ta kusa, sai dai ƙamshin yaƙi take yi.

4/ Ni "barazanar rutsawa" ta kwanta mini. Duk wanda ya ji an ce "an rutsa da ita" ya san ba mafita. Ku tuna ɗan tsako idan inuwar shirwa ta gifta tsakar gida: lafewa yake yi a ƙasa, ko ƙyaftawa ba ya yi. Wa zai ce ya amince a ɗauke shi?

5/ Abin da ya sa na damu: sashe na 282 na Penal Code, dokar manyan laifuka ta Arewacin Najeriya, ya san yardar da aka samu ta hanyar tsoron mutuwa ko rauni ba yarda ba ce. Amma har yau tambayar farko a bakin mutane ita ce "me ya hana ta ihu?" Tafinta a kotu yana buƙatar kalmar da zai amsa da ita.

6/ Mutanen Sakkwato da Damagaram, me kuke kiran wannan a wajenku?