Tambaya kan Sunday Bada da lambar zinaren Sidni

Malamin wasanni, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina horar da yaran sakandare gudun mita 400, kuma jiya wani ɗalibina ya tsare ni da tambayar da na kasa amsawa. Ya ji an ce marigayi Sunday Bada ya ci lambar zinare ta Olamfik, amma bai taɓa riƙe ta a hannunsa ba. Ni kuwa abin da na gani a talabijin a gasar Olamfik ta 2000 a birnin Sidni na Ostareliya shi ne Najeriya ta zo ta biyu. Ina roƙon masu sani su warware mini wannan, don kada in koya wa yara abin da ba haka yake ba.

Tsohon ɗan sanda, Zuru:
Wa alaikumus salam, Malam. Da kai da ɗalibinka duk kuna da gaskiya. A tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu a Sidni, Amurka ce ta fara shiga, Najeriya ta biyo ta da minti 2 da daƙiƙa 58.68. Clement Chukwu ya buɗe, Jude Monye ya karɓa, Bada ya yi zagaye na uku, sannan Enefiok Udo-Obong ya rufe, inda ya sha gaban ɗan Jamaika dab da layi. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari, sai aka ƙwace musu lambar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, hukumar Olamfik ta duniya ba ta tabbatar wa Najeriya zinaren ba sai a watan Yulin 2012, alhali Bada ya rasu a Legas a Disamban 2011 yana ɗan shekara 42. Shekara huɗu ana jan ƙafa a kan abin da ya riga ya fito fili. Ɗan sanda ne kamar ni, shi ya sa abin bai bar raina ba.

Malama, Argungu:
Bayanin Baba ya gamsar, sai dai ina ganin mun cika rataya sunan mutumin nan a kan lambar da ta zo a makare, har muna manta wadda ya ci da ƙafarsa shi kaɗai. A tseren mita 400 na gasar duniya ta rufaffen fili ya zo na biyu a 1993, ya sake zuwa na biyu a 1995, bai karaya ba, sai ga shi a Paris a 1997 ya ɗauki zinare da daƙiƙa 45.51. Wanda bai san irin wannan fili ba, shi ne zai raina lokacin. Zagayensa mita 200 ne kacal, kwanoninsa a matse suke, kuma bayan an bar layuka kowa yana kokawar kama gefen ciki, don haka wanda ya yi sake aka toshe masa gaba sai ya yi ta bin baya. In ni ce ke gaban yaran, da wannan zan fara.

Malamin wasanni, Birnin Kebbi:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Hajiya, maganarki ta zauna mini, domin matsalar yarana ita ce mita 100 na ƙarshe. Filinmu ƙasa ce, da toka muke ja masa layi, sandar miƙawa kuwa guntun bututun ruwa ne. Yaro zai tashi kamar an harba kibiya, amma da ya karyo kwanar ƙarshe sai ka ga kansa ya koma baya, ƙafafunsa sun yi nauyi, wanda ya raina ya wuce shi. Baba, a zamaninku yaya masu horarwa suke raba wa mai gudu ƙarfinsa tsakanin rabin farko da na biyu?