Neman shawara: wani abu ya harbi ƙanena a bakin teku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni masunci ne daga wani ƙauye kusa da Haɗeja. Ƙanena ya tafi ci-rani Badagry, bakin teku a jihar Legas, yana bin masu kamun kifi. Ɗazu ya kira ni hankali tashe, wai yana jan koma wani abu mai yauƙi da zare-zare ya nannaɗe masa hannu, wurin ya yi sahu-sahu kamar an zane shi da bulala. Wannan ya ce ya yi fitsari a kai, wancan ya ce kananzir, wani kuma ya sa shi ɗaure hannun da roba. Mu nan sukar ƙayar kurungu muka sani. Maganar wa zan ɗauka? Don Allah ku taimaka.

Ma'aikacin lafiya daga Ringim: Wa'alaikumus salam Yaya, Allah ya ba shi lafiya. Jelifish ne, wata halittar teku mai taushin jiki da zare-zare masu harbi. Ya kwance robar nan yanzu. Zaren yana ɗauke da dubban ƙananan allurai masu dafi, kuma da yawa ba su fashe ba tukuna. Fitsari, ruwan famfo ko gogewa da yashi na iya sa su fashe, zafin ya ƙaru. Ya ɗauraye da ruwan teku, ya kankare ragowar zaren a hankali da gefen katin ATM, kada ya sa yatsa. Sai ya tsoma hannun a ruwa mai zafin da zai iya jurewa, kamar digiri 45, na aƙalla minti 30. Ya fara taɓa ruwan da lafiyayyen hannun don kada ya ƙone. Zai iya shan farasitamol.

'Yar uwa daga Gumel: Likita, ni na gani a Facebook wai ruwan khal ne maganinsa.

Ma'aikacin lafiya: Hajiya, a arewacin Ostireliya ana zuba shi saboda wani mugun iri da ke can. Hukumar lafiya ta Birtaniya kuwa ta ce kada a sa. Tunda yaron bai san irin da ya harbe shi ba, ya tsaya kan ruwan zafi. In kina neman irin wannan bayani, ki duba na Red Cross ko na hukumar lafiya.

Tsohon masunci daga Guri: Ɗana, ka ja masa kunne kan kunamar ruwa ma. Na san ta a Binuwai, teku kuma cike yake da danginta. Faffaɗa ce, tana binne kanta a yashi, in ka taka ta sai ta kaɗo ƙayar wutsiyarta. Ya riƙa jan ƙafa in yana tafiya a ruwa, za ta gudu.

Ma'aikacin lafiya: Gaskiya ne Baba. Ita ma ruwan zafi ne, amma dole a je asibiti a wanke raunin, a duba batun allurar tetanus. In ƙayar ta shiga ciki ko ƙirji ko wuya, kada kowa ya zare ta. Yaya, ko a harbin jelifish na yau ɗin, in numfashi ya yi masa wuya, ko fuska ta kumbura, ko amai ko jiri, a kai shi asibiti nan take, ko a kira 112.